Kada Ka Shafa Fenti Tukuna

Makonni uku da suka wuce wani abokina ya kira ni in zo in ga motar da ya kwashe kusan shekara biyu yana haɗawa a garejin gidansa. Tsohuwar motar shiga daji ce mai jan ƙafa huɗu. Ya sauke bodin gefe, ya yanke casis ɗin, wato ƙarfen ƙasa da bodi ke zaune a kai, ta bayan kujerar direba, ya ƙara masa tsawon santimita 30 don ya samu wurin kaya da babban tanki, ya ɗaga ta, ya tanadi manyan tayoyi. Na same shi riƙe da gwangwanin baƙin fenti yana girgizawa, bakinsa har kunne.

Na durƙusa na shafa inda ya haɗa. Sumul. Ya bi waldar da injin gurza ƙarfe har ta saje da jikin casis ɗin, in ba nuna maka aka yi ba, ba za ka ce an taɓa yanka wurin ba. Yankan kuwa a miƙe yake ɗoɗar daga sama har ƙasa, hagu da dama suna kallon juna, babu faci a ciki, babu a waje.

Na ce, "Mutumina, wa ya duba maka wannan kafin ka goge?"

Ya ce, "Wa kuwa zai duba? Ai da hannuna na yi, na san abin da na yi."

Amsar nan ta tsaya mini a rai. Abokina ba mutumin banza ba ne, yana da haƙuri da aiki, yana da tsabtar hannu. Amma motar da yake shirin fitarwa kan titi za ta ɗauki matarsa da 'ya'yansa, za ta kuma yi gaba da gaba da motocin mutanen da bai taɓa gani ba.

Ga matsayata tun da wuri. Ina goyon bayan duk mai son ƙera mota ko sauya mata fasali a gidansa, kuma ba na tare da masu cewa a hana. Sai dai duk waldar da aka yi a kan casis, musamman inda ke riƙe da sitiyari, sifirin, gatarin ƙafa ko wurin ja, wajibi ne wani masani da ba shi ya yi aikin ba ya gan ta tsirara, kafin gurza, kafin fenti, kafin motar ta taka hanyar jama'a. Ina ganin ya kamata doka ta tilasta haka, inda kuma doka ta yi shiru, mai aikin ya ɗora wa kansa.

Kyan ɗan maciji

Abin da ya fi yaudarar mai koyon walda shi ne idonsa. Injin walda na zamani, irin mai turo waya da iskar gas, yana da sauƙin koyo. Cikin mako guda mutum zai iya zuba layi mai kyau kamar an jera kwabbai. Matsalar ita ce wannan injin yana iya ɗora narkakken ƙarfe a saman haɗi ba tare da ya narkar da abin da ke ƙasa ba. Idan wutar ta yi kaɗan, ko hannu ya yi sauri, ko injin ƙarami ne da ba zai iya da kaurin ƙarfen ba, sai walda ta kwanta a sama kamar tana, cikin kuwa fayau.

Na roƙi abokina ya kawo guntun da ya rage daga ƙarfen da ya yi ƙarin da shi. Ya yanka biyu, ya haɗa su yadda ya haɗa casis ɗin, da injin nan, da saitin wutar nan, a tsaye kamar yadda ya yi a jikin motar. Da ya huce muka yanka shi a gicciye. Kaurin ƙarfen milimita 4 ne. Waldar ta shiga kamar rabi. Daga nan zuwa bayan ƙarfen akwai wani siririn baƙin layi, bakin yankan asali ne da wuta ba ta taɓa ba. Muka danne guntun, ya sa guduma. Bugu na huɗu ya buɗe, daidai kan layin nan.

Ya daɗe yana juya guntayen a hannunsa bai ce uffan ba.

Ka tuna kuma ya riga ya gurje ƙunzugun waldar da ke saman na jikin motar. Wato ɗan abin da ke riƙe da haɗin ma ya rage shi don wurin ya yi kyan gani.

Ko waldar ta shiga yadda ake so, akwai sauran rina a kaba. Ƙarfe yana narkewa ne a wajen digiri 1,500, kuma wannan zafin ba ya tsayawa a kan layin walda kaɗai. Gefe da gefe akwai ɗan zirin da bai narke ba amma ya gasu ya sake hali. A casis ɗin tsofaffin ƙananan motoci, da yawanci ƙarfe ne mai laushi, wannan zirin ba ya cika ba da matsala. Casis ɗin manyan motocin dakon kaya kuwa sau da yawa an gasa shi ne a masana'anta don ya yi ƙarfi, shi ya sa za ka ga an manna gargaɗi a jikinsa cewa kada a yi walda ko huda a leɓensa, wato gefensa na sama da na ƙasa. Sababbin motoci ma da dama suna zuwa da ƙarfe siriri mai ƙarfi wanda zafi ke raunana shi. Mutum nawa ne cikin masu aiki a gida suka san irin ƙarfen da ke gabansu kafin su kunna inji?

Sannan ga gajiyar ƙarfe, wadda ita ce ainihin makashin casis. Kowa ya taɓa karya waya ta hanyar lanƙwasa ta gaba da baya. Ba lanƙwasar farko ke karya ta ba. Motar daji haka take yi wa casis ɗinta duk lokacin da taya ɗaya ta hau dutse ɗaya ta faɗa rami, ko ta bi hanya mai gargada na sa'o'i. Tsaga takan fara ne a gefen walda, ƙarama kamar silin gashi, ta riƙa ci a hankali wata da watanni. Wanda ya ce maka ya gwada motarsa ya yi tsalle da ita ba abin da ya faru, gaskiya ya faɗa. Lanƙwasar farko ke nan.

Inda aka sa waldar ya kai yadda aka yi ta muhimmanci

Casis ɗin irin waɗannan motoci, su Land Cruiser da Hilux da Jimny da tsohuwar Defender, kamar tsani yake a kwance: dogayen ƙarafa biyu da gajeru a tsakani. Ka ɗauki ɗanyen reshe ka lanƙwasa. Bayan zai miƙe har ɓawo ya tsage, cikin zai tamuƙe, tsakiyar kuwa kusan ba ta jin komai. Haka dogon ƙarfen casis yake. Leɓen sama da na ƙasa su ke shan wahala, tsakiyar bango tana hutawa. Dalili ke nan da ramukan noti na masana'anta galibi a bango suke.

Wanda ya ja layin walda ya ƙetare leɓen ya yi abin da tela ke yi idan zai yaga yadi: ya ɗan tsaga baki da almakashi, sauran kuma ja ɗaya ne. Yanka a miƙe daga sama har ƙasa, irin na abokina, ya tara duk raunin a layi guda, a wurin da nauyi ya fi yawa.

Masu sanin aikin sukan karkata yankan ko su yi shi hawa-hawa, su fere bakin ƙarfen don wuta ta shiga har ƙasa, sannan su ɗora faci mai tsawo wanda bakinsa ya tsuke kamar kan kifi, kusurwoyinsa a zagaye. Siffar facin ba ado ba ce. Ana so ne nauyi ya sauka daga facin zuwa casis sannu a hankali. Faci mai kusurwa huɗu da aka zagaye da walda yana matsar da tsagar ne kawai zuwa bakinsa.

A nan ne wata ɗabi'a ta masu aikin gida take ba ni tsoro: ganin cewa ƙara ƙarfe kullum ƙara ƙarfi ne. Mutum zai samo faranti mai kaurin milimita 10 ya manna a jikin casis mai milimita 3, ya ce yanzu ko tankar yaƙi. Alhali ya mayar da wurin dutse a tsakiyar abin da aka ƙera don ya riƙa murɗawa. Motar Unimog ta kamfanin Mercedes, wadda ba a yi mata gardama a shiga daji, da gangan aka yi casis ɗinta ya riƙa murɗewa don tayoyi su zauna a ƙasa. Idan ka sandarar da wani yanki, murɗawar ba ta ɓace ba, ta koma ta taru a inda sandarewar ta ƙare, kuma nan zai tsage.

Manyan tayoyi ma suna da nasu lissafin. Taya mai faɗi da tsawo tana ƙara wa akwatin sitiyari aiki, shi kuma yana ɗaure ne a jikin casis da 'yan notuna. Tsagewar casis a kewayen akwatin sitiyari tsohuwar cuta ce ga motocin da aka ɗora wa tayar da ta fi ƙarfinsu. Ɗaga mota kuma yana ɗaga cibiyar nauyinta, sai ta fi saurin kifewa a kwana.

"Motata ce, wuyana ne"

Wannan ita ce hujjar da na fi ji, kuma ina girmama ta har zuwa wani wuri. Idan motar a kan tirela za a kai ta filin wasa ko wani fili na mai ita, ya shiga shi kaɗai da hular kwano, to tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ba ni da ta cewa, sai fatan alheri.

Amma motoci nawa ne irin waɗannan ke tsayawa a haka? Kusan duka sai sun bi kwalta kafin su kai daji. Kuma ba a cikin rami da gudun tafiyar ƙafa haɗarin ya fi muni ba. A daji, kunnen da ke riƙe da gatari ya ɓalle, sai mota ta tsaya, a sha wahalar jawo ta. A kan titi da gudun kilomita 100, kunnen nan ya ɓalle, motar ta fi tan biyu, ba ta jin sitiyari, ga wata tafe ta ɗaya hannun. Mutumin da ke cikin waccan motar ba a yi shawara da shi ba lokacin da ake saita wutar inji.

Akwai kuma wanda zai saya bayan shekara uku. Shi baƙin fenti kawai zai gani.

"Ɗan kunne ne kawai na liƙa"

Wasu za su ce su ba su yanke casis ba, ɗan ƙarfen rataye fitila ko tankin ruwa ko matakala suka liƙa, abin da ba ya ɗauke da nauyin mota.

A ranar 27 ga Maris 1980, dandamalin ma'aikatan haƙar mai da ake kira Alexander L. Kielland ya kife a Tekun Arewa, a yankin Nowe. Mutum 212 ne a kai, 123 suka rasu. Da aka yi bincike, an gano tsagar ta faro ne daga wata 'yar walda mai milimita 6, wadda ta riƙe mazaunin na'urar sauraren sauti a jikin ɗaya daga cikin ƙarafan da suka tokare ƙafar dandamalin. Na'urar ba ta ɗauke da nauyin komai. Tsagar ta yi ta ci har ƙarfen ya rabu, sauran suka bi, ƙafa guda ta cire. Abin da ya fi tsaya mini shi ne masu binciken sun sami fenti a cikin wani sashe na tsagar. Wato tun lokacin ƙira, a 1976, tsagar tana nan, aka shafe ta.

Mota ba dandamalin teku ba ce, na sani. Amma ƙarfe bai san girman abin da aka ƙera da shi ba. Walda mara kyau a jikin ƙarfen da ke ɗauke da nauyi rauni ce gare shi, ko da abin da aka liƙa cokali ne. Shi ya sa nake cewa abin da noti zai iya riƙewa ta ramin da ke nan tun asali, a bar wa noti.

"Su ma kamfanonin ai suna kuskure"

Ƙwarai kuwa. A 2018 an janye motocin Jeep Wrangler kusan 18,000 saboda waldar kunnen da ke riƙe da sandar da ke tsayar da gatarin gaba ta kauce daga inda ya kamata, abin da zai iya sa kunnen ya rabu da casis, sitiyari ya ƙi ji. Wannan a masana'anta ke nan, da injiniyoyi da na'urori.

To amma wannan hujja a gefena take. Idan masu duk waɗannan kayan aiki za su kauce, ina ga mutum ɗaya kwance a ƙarƙashin mota da dare, yana walda a saman kansa, tartsatsi na zuba masa a wuya? Kuma kamfani yana da lambar kowace mota, yana da hanyar kiran masu ita a gyara. Motar gida guda ɗaya ce a duniya. Ba wanda zai kira ta.

"Dubawa za ta kashe masu ƙirƙira"

Wannan ce hujjar da na fi ɗauka da nauyi, domin akwai gaskiya a cikinta. Mutane da yawa da suka zama gwanaye a gareji suka fara, da injin aro da ƙarfen da wani ya yar. Idan aka ce sai mai takardar injiniya ne zai taɓa casis, an rufe ƙofa ga waɗanda suka fi kowa son aikin. Kuma mun san yadda dubawa kan lalace ta koma sayen hatimi, jami'i ya karɓi kuɗi ya sa hannu ko leƙa ƙarƙashin motar bai yi ba. Irin wannan dubawar gara babu, don tana ba mutum kwanciyar hankalin ƙarya.

Sai dai akwai ƙasashen da suka nemi tsakiya. A Niyu Zilan akwai tsarin da ƙungiyar LVVTA ke kula da shi, wadda ƙungiyoyin masu sha'awar motoci ne suka kafa ta. Wanda ya sauya casis ko sitiyari ko ƙafafun mota zai kai wa mai dubawa da aka amince da shi, a bi ƙa'idoji rubutattu, in ta tsallake a ba motar shaida. A Ostireliya injiniya ne ke sa hannu a kan manyan sauye-sauye. A Birtaniya motar da mutum ya ƙera da kansa sai ta bi gwajin da suke kira IVA kafin a yi mata rajista. A Jamus sai masu dubawa irin su TÜV sun gani. Ba a daina ƙera motoci a gareji a waɗannan wurare ba.

Su kansu masu tseren mota, da ba wanda zai zarge su da tsoro, ba sa yarda da "na san abin da na yi". Hukumar FIA, mai kula da tseren motoci a duniya, ta rubuta irin bututun da za a yi babban bakan kejin kariya da shi, wato kejin da ke kare direba idan mota ta kife: marar ɗinki, faɗin milimita 45 da kaurin 2.5, ko 50 da kaurin 2. Kafin tsere kuma sai an duba motar. Ka kwatanta da wanda ya lanƙwasa fayif ɗin ruwa ya kira shi keji. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: keji a motar da ake hawa kullum ba hular kwano, ƙarfe ne tsirara kusa da kan mutum, ƙaramin karo ma zai iya gwara kai da shi.

Abin da nake nema bai kai yadda ake zuzuta shi ba. A nuna zanen abin da za a yi kafin a yanka. A yi gwaji a kan guntu, a yanka, a lanƙwasa. A ɗauki hoton kowane haɗi kafin a rufe. A kira wanda walda ce sana'arsa ya gani, in da hali ya fesa jan ruwan nan da ke shiga tsaga ya fito da ita fili, wanda a gwangwani ake sayar da shi. A auna casis a gicciye, kusurwa zuwa kusurwa, a tabbatar zafi bai karkatar da shi ba. Wanzami ba ya son jarfa, haka mai walda ba ya son a sa wa aikinsa guduma, amma gwanayen da ke haɗa bututun mai da tukunyar tururi ma sai an gwada hannunsu kafin a ba su aiki, kuma ba sa ɗaukar haka cin fuska.

Mai dubawa na kirki zai kuma tsare maka lafiyarka tun kafin motar ta motsa. Zai ce ka sauke tanki ka kawar da bututun fetur da na birki, ka cire batir. Zai tambaye ka ko casis ɗin mai rufin tutiya ne, don hayaƙinta yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Zai hana ka wanke ƙarfe da maganin wanke birki mai sinadarin kulorin sannan ka kunna wuta a kai, domin haɗuwarsu na iya haifar da fosjin, iskar da aka kashe sojoji da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Inda muka kwana

Abokina bai ji daɗina ba a ranar, kuma ban ga laifinsa ba. Shekara biyu ba kwana biyu ba ce, ga shi ya riga ya sa ranar da zai fita da motar. Kwana huɗu bai kira ni ba.

A na biyar ya turo mini hoto. Ya yanke haɗin na hagu ya fitar. Baƙin layin nan yana nan a ciki, tun daga leɓen sama har na ƙasa, a wani wurin ma ya fi na guntun gwajin zurfi. Ya samo wani dattijo da ya yi shekaru yana waldar tirela, ya zo ya zana masa yadda za a sake yankan da siffar facin a kan kwali, ya kuma ce injin nasa ya yi ƙanƙanta da wannan aiki, ya nemi babba. Dattijon ya ce zai dawo idan an gama ɓangare ɗaya, kuma kada a taɓa shi da dutsen gurza kafin ya zo.

Casis ɗin yana nan a kan matokarai, ƙarfen ya fara ɗan ja saboda raɓa. Gwangwanin fentin yana kan kanta, ba a buɗe ba.